Kwanona da Kwanon Gimbiya

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan isha'i

Shekaranjiya aka sallamo Baba daga likitar Magariya, babban asibitin can. Yana magana, yana gane kowa, ƙafar ma ta fara ɗauka. Hannun dama ne yake kwance kan cinyarsa kamar na aro. Abin da ya faru a gona ranar nan ba zan rubuta shi ba, na gaji da maimaita shi ga masu dubiya.

Ni likita ya yi wa bayani, don ni ce mai jin Faransanci a gidan. Ba gishiri, ba magi, mai ɗan kaɗan, ganye da wake su yawaita, kuma kada ya sha magani cikinsa wayam. Na juya wa Gwaggo Daso da Hausa, ta ce, "To me aka bar masa a duniyar?" Gwaggo ƙanwar Baba ce, ita ke zaune da shi nan Dungass tun rasuwar Inna, amma hannunta rawa yake, ko ludayi ba ta riƙewa da kyau.

Jiya Gimbiya, autarmu, ta iso daga Dogo-Dogo da goyonta da ƙullin kaya, ta zo jinya. Tun daga zaure take kuka. Baba na jin muryarta ya ce, "Gimbiya ce? Shigo, shigo." Ni da na yi ta kwana kan tabarmar likita har bayana ya ƙage, ban ji sannu ba. Ba komai.

Na ce da su abincin daren Baba nawa ne. Gimbiya ta ce, "Yaya, ke da ba ki tashi daga koyarwa a lakwal sai rana ta kusa faɗuwa?" Na ce wannan damuwata ce. Tun safe na jiƙa wake kafin in tafi aji. Ina dawowa ko mayafi ban cire ba na murje ɓawon, na ɗora a murhun gaz da albasa da tumatir da daddawa, na yanka kabewa a kai, da ya faɗa na watsa zogale na matsa lemun tsami. Tsakanin magariba da isha'i an gama, kuma wallahi ba za ka ce babu gishiri ba. Na kai da kaina. Na gaishe shi daga bakin ƙofa, ya amsa yana kallon bango kamar kullum. Gimbiya ta karɓi kwanon ta saki labule.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Na biya ɗaukar kwano. Gefe ɗaya kawai aka taɓa. Na Gimbiya yana kife kusa da randa, an wanke shi tas. Ashe ita ma tana dafa masa.

Laraba, 5 ga Nuwamba, bayan isha'i

Na ce ƙila fate ne ba ya so. Yau na yi dambun gero da zogale. Ɓarzajjen geron yana nan tun Lahadi, turarawa kawai, sai albasa da soyayyar gyaɗa da na daka da kaina don ƙulin kasuwa gishiri gare shi. Ƙafafuna sun kumbura da tsayuwar aji, a zaune na yanka albasar.

Maina, maigidana, ya ci nasa ya ce, "Madam, mu ma likita ya rubuta mana wannan horon ne?" Na ce wanda ke son gishiri ga shi can a gwangwani, hannunsa lafiya lau. Ya yi dariya, ya ƙara. Yara ma sun share nasu. Kowa na cin abincina sai wanda nake yi dominsa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da azahar

Kwanon ya dawo yadda na kai shi.

Bari in faɗa tunda ba mai karantawa. Ni ce ɗiyar fari, Baba kuma mutumin da ne. Tun da nake ban taɓa jin Rashida a bakinsa ba. "Waccan" nake, in ransa ya yi fari "yarinyar nan", yarinyar da furfura ta fara leƙo mata. Ana yaye ni aka miƙa wa Gwaggo, a ɗakinta na girma. Ba ya zama inda nake zaune, ba ya dariya in ina wurin. Kowa ya san alkunya ce, ni ma na sani, na sha yi wa abokan aikina bayani ina murmushi kamar abin yana burge ni.

Gimbiya kuwa a kan cinyarsa ta yi ƙuruciya, tana jan gemunsa yana ce mata sarauniya. Ranar da na ci jarrabawar zama malama, Gwaggo ya aika ta ce mini an ji. Ranar da Gimbiya ta fara tuƙa tuwo, tuwon da ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci, sai da ya kira maƙwabta su ɗanɗana.

Ina jin haushinta. Ga shi na rubuta, ƙasa ba ta tsage ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan isha'i

Dafaffen dankali da kwaɗon zogale. Wannan shi ne mafi sauri, kafin dankalin ya nuna kwaɗon ya haɗu.

Tun daga tsakar gida na ji dariyar Baba. Dariya sosai, har da tari. Na yi sallama, sai tsit, kamar na kashe rediyo. Gimbiya ta fito tana share hannu da gefen zaninta, ta ce, "Yaya, kin zo? Kawo." Na ce me ake wa dariya. Ta ce, "Babu komai, labarin jakin surukina nake ba shi." Ni ma ina da labarai. Ajina cike yake da yaran da suka fi jakin surukinta ban dariya.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da safe

Haka dai.

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan isha'i

Shinkafa da wake, tumatir da albasa ɗanye a sama, mai cokali ɗaya. Na ƙone yatsa don barci nake ji a tsaye.

Maina ya ce, "Tunda ƙanwarki na dafa masa, ki huta mana. Kin ga idonki kuwa?" Na ce me Gimbiya ta sani a kan tansiyo, hawan jinin nan? Ita da ko ruwan zafi za ta dafa sai ta jefa magi. Ya ce, "To ki je ku zauna ku yi magana." In je in ce mata me? In ce don Allah ki bar ubana ya ci nawa?

Laraba, 12 ga Nuwamba, da la'asar

Ba aji da yamma yau, sai na biya gidan. Gimbiya na wanka da jaririnta a bayan ɗaki. Ban yi niyyar komai ba, wucewa nake ta gefen murhu, sai na hangi takardar magi a cikin toka. Biyu ma. Na buɗe babbar tukunya na lasa miyar kuka. Gishiri zau.

Ta fito ta same ni da murfi a hannu. Na nuna mata takardun. Ta ce, "Wannan namu ne ni da Gwaggo. Na Baba daban nake ɗebe masa kafin in sa." Na ce haka ne. Ta ce, "Yaya, ki rantse ba ki yarda ba." Na ce ni ban ce komai ba.

Akwai wata ƙaramar tukunya a gefe, a rufe. Na gan ta. Ban buɗe ba.

Abin kunya, da na fito waje sai na ji jikina ya yi sauƙi. Ashe ba hannunta ne ya fi nawa ba, gishiri ne. Da murna na taka har gida.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Majo, babban ma'aikacin likitar garinmu, ya zo ya auna Baba. Tansiyon ya ɗan hau. Ya fito tsakar gida yana naɗe abin awon, ya ce, "Wa ke dafa masa?"

Gimbiya na tsaye, Gwaggo na zaune. Na ba shi amsa da Faransanci. Ba zan rubuta duk abin da na ce ba. Amma magi ba ya buƙatar tafinta, sunan Gimbiya ma haka. Ƙaramar tukunyar ba ta shigo cikin maganata ba.

Majo ya juya da Hausa ya ce, "To daga yau tukunya ɗaya, ta Madam. Wannan ciwo ba ya son gardama." Ya hau motonsa, babur ɗin aiki, ya tafi.

Gimbiya ta dube ni ta ce, "Yaya, ni ce zan kashe Baba?" Na ce ba wanda ya ce haka. Ta ce, "Kin faɗa. Da turancinku kika faɗa." Ta shige ɗakin Gwaggo. Gwaggo ta yi ta jan carbi.

Ni dai gaskiya na faɗa. Takardun a cikin toka suke, ba ni na zuba su ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Gaskiya na faɗa.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan isha'i

Gimbiya ta tafi da safe. Ta nemi mai moto ya kai ta Dogo-Dogo, ta ce wa Baba mijinta ne ya kira, ana ɗaukar gero daga gona ba mai dafa wa ma'aikata. Ni ba ta yi mini sallama ba.

Na yi faten wake irin na ranar farko, na ƙara alayyahu. Yau ni na ɗaga labulen na shiga. Rabona da shiga ɗakin nan in tsaya kusa da shi haka, na manta. Na ajiye kwanon ta gefen hagunsa, na sa cokali, na buɗe murfi don ƙamshin ya kai masa. Ya ce, "Ajiye." Da ni yake, kai tsaye, ba ta bakin Gwaggo ba. Na fito ina jin kamar an ba ni kyauta.

Yau kwano ɗaya ne ya shiga ɗakin.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da safe

Ko gefen ma ba a taɓa ba. Cokalin na nan inda na sa shi.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan isha'i

Na sake salo, na yi miyar yakuwa da gyaɗa da ɗan tuwon dawa mai laushi. Na tarar Gwaggo na ba shi kunu a kofi, hannunta na rawa, rabi a bakinsa rabi a rigarsa. Ta ce da wannan kunun yake wuni tun Lahadi, safe da rana da dare. Na ce ai kunu ba abinci ba ne ga mai shan wannan magani. Ta ce, "To."

Kewar Gimbiya ce. Zai saba. Ba a kanta aka fara tafiya ba.

Ya tambayi Gwaggo sau biyu ina tsaye, "Daso, ba ta bugo ba?"

Laraba, 19 ga Nuwamba, da magariba

Jiri ya ɗebe shi zai fita alwala. Allah ya sa maƙwabci na zaure ya tare shi. Fuskarsa ta faɗa, idanun sun zurma. Majo ya ce a waya in ba ya ci maganin zai riƙa kayar da shi, in ya sake faɗuwa kuma ba a san yadda za ta kaya ba.

Ban dafa wa gidana komai ba. Maina ya sayo wa yara ƙosai, bai tsokane ni ba yau.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan isha'i

Ban san ta inda zan fara ba.

Na shiga da kwano, Gwaggo na zaune a bakin gado. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka ci ko kaɗan. Ga cokali, ka ci da hagun, lalura ce, ko malamai sun yarda." Bai dube ni ba. Ya ce, "Daso, ki ce da ita tun da aka haife ni ban kai hagu bakina ba. Ba yanzu da nake shirin gamuwa da Ubangiji zan fara ba."

Na ce da Gwaggo, to duk kwanakin nan da wane hannu yake ci? Ta dube shi, sannan ta ce a hankali, "Gimbiya ke ba shi a baki. Shi ya sa ake sakin labule. Ya hana a faɗa wa kowa."

Sai na tuna yadda take fitowa tana share hannu da zani. Kullum ina gani. Ni ina can ina leƙen toka.

Na wanke hannuna, na matso, na ɗebo faten a cokali na kai kusa da bakinsa. Na ce, "Bismillah, Baba." Ya juya fuskarsa bango. Na ga gemunsa na motsi. Ya ce, "Ba ke ba."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi tsawa, da ya fi mini sauƙi.

Na fito tsakar gida na zauna kan turmi da cokalin a hannu. Gwaggo ta biyo ni ta ce, "Rashida, ke ma kin san ba ƙi ba ne. Mutum ya buɗe baki gaban ɗiyarsa ta fari kamar jinjiri? Ya gwammace yunwa." Na ce na sani. Na sani tun ina goye a bayanta. Sanin bai taɓa rage mini komai ba.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da azahar

Na buga wa Gimbiya waya. Tana shiga, ba ta ɗauka. Na sake. Na ba Gwaggo ta buga da tata, nan take ta ɗauka, ta tambayi jikin Baba, ta yi kuka, ta ce ita ba za ta dawo gidan da ake tona mata toka ba.

A aji na rubuta kwanan wata ba daidai ba a allo, yara suka gyara mini.

Asabar, 22 ga Nuwamba, bayan isha'i

Maina ya kai ni Dogo-Dogo a moto. Hanyar duk rairayi, amalanken gero sai wucewa suke, sau biyu na sauka na taka don moton ya fita. Bai yi mini wa'azi a hanya ba, Allah ya saka masa.

Na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa ita da uwar mijinta. Na gaida tsohuwar. Gimbiya ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Yaya, kin zo duba murhuna ne? Ga shi can, tokar ba a kwashe ba."

Na ce, "Baba ba ya ci."

Ta ce, "Ai tukunya ɗaya aka ce, ta Madam."

Na ce jiri ya kusa kayar da shi ranar Laraba. Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. Na ce Gwaggo ta gaya mini yadda yake ci, na gwada, ya ƙi. Ta ce, "Ke kika gwada? Ke?" Har ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga.

Na ce, "Me ya sa abincina yake dawowa? Tunda ke ke ba shi, me ya hana ki ba shi nawa?"

Ta ce, "Kin taɓa tambayata? Kina zuwa ki miƙo kwano ki juya. Kafin magariba yake shan maganin yamma, dole ya ci kafin nan, naki kuma sai isha'i yake isowa, ya riga ya ƙoshi. Dambun nan naki na gwada masa, ya ƙware har idonsa ya yi ja, maƙogwaronsa ba ya ɗaukar abu mai warwatsuwa yanzu. Gefen da kike gani an taɓa, ni ce nake ci. Yana da daɗi, in kina son ji."

Na ce ai da sai ki faɗa mini tun ranar farko.

Ta kakkaɓe zaninta. Ta ce, "Ban so faɗa ba. Komai na gidan nan ke ce. Za a sayar da sa, a tambayi waccan. Za a gyara rumbu, me waccan ta ce. Ranar da aka ɗauko shi daga gona, bakinsa a karkace, wa ya ce a kira? Ni sai da kuka isa Magariya aka tuna da ni. Ni sunana kawai yake kira, Yaya, sunan da dariya. Wannan ɗaya ce na samu wadda ba ki iya ba, sai kuma in miƙa miki?"

Ban san ya ce a kira ni ba. Na ɗauka Gwaggo ce ta aiko. Na ji maganarta har cikin ƙashina, amma Allah ya sani, ko yanzu aka ce mu yi musaya, ta ɗauki san da rumbun ta ba ni sunan da dariyar, da gudu zan karɓa.

Na ce na ga ƙaramar tukunyar ranar nan, ban buɗe ba. Na ce ta yi haƙuri. Da Hausa na faɗa, gaban uwar mijinta, tsohuwar ta yi kamar gyaɗa ce kawai a gabanta.

Gimbiya ta ce, "Zan koma gobe, don Baba. Amma na daren ba zan ƙara ɗora masa ba, kada tansiyo ya hau a ce ni ce. Ke ki dafa, ni in ba shi. Kuma kafin magariba, ba isha'i ba. In za ki iya."

In zan iya. Har yanzu bakin nan nata yana nan.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da la'asar

Ta dawo. Tun daga zaure ya gane takunta. Na ji "Gimbiya" sau uku kafin ta kai labule. Na ci gaba da abin da nake yi.

Na kwaso gaz ɗina na kawo gidan Baba, nan zan riƙa dafawa har na gidana in wuce da shi. Na surfe wake na shanya don gobe ba sai na tsaya murza ba, na daka gyaɗa, na tsinke zogale. Maina ya ce ya ga alama su ma an yi musu ƙaura.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan isha'i

Ana tashi daga lakwal ban tsaya gaisawa da kowa ba. Na iso da allin aji a hannuna, rana ta yi ja. Waken na jiƙe tun safe. Na zuba shi da dankali da kabewa da albasa da daddawa a tukunya ɗaya, na buɗe wutar gaz sosai. Gimbiya na zaune tana shayar da ɗanta tana kallona, ta ce, "Ki tuƙe shi sosai, kada ya ji gudaji." Na so in ce ba ita za ta koya mini ba. Na ɗauki muciya na tuƙe. Na zuba dakakkiyar gyaɗa da zogale, na sauke, na fifita shi da faifai. Ladan bai kira ba tukuna.

Ta miƙa wa Gwaggo yaron, ta wanke hannu, ta ɗauki kwanon ta shiga ta saki labule. Ni na zagaya bayan ɗakin na tsaya ƙarƙashin taga, mace da girmana, ina laɓe a gidan ubana.

Na ji ta ce, "Bismillah, Baba." Na ji cokali ya taɓa kwano. Shiru. Ya sake taɓawa. Na daina numfashi sosai don kada in rasa ko ɗaya. Bai yi tari ba. Tana ba shi tana zuba surutu, wai jakin surukinta ya cinye hular mai moto, ya yi 'yar dariya da abinci a baki, ta ce ya haɗiye tukuna. Can na ji cokalin na kankarar gindin kwano.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka, Gimbiya."

Na dafe bango. Ƙafafuna na zogi, yatsana da ya ƙone bai warke ba, ita kuma abin da ta yi ɗaga cokali ne. Na jira in ji ko za ta haɗiye albarkar ta yi shiru. Da ni ce, ban san me zan yi ba.

Ta ce, "Amin. Amma Baba, ba ni na dafa ba."

Na ji ya gyara murya. Sannan ya ce, "Na sani. Ke yaushe kika iya wake?" Ta ce, "Kai, Baba!" Ya ce, "Ki ce ta tafi gida haka nan. Tun safe take tsaye, ga yara na jira."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai ƙara ba, bai sake sa wata albarkar ba, ladan ya kira salla, Gimbiya ta fito da kwano tana nemana a wajen murhu.

Ban fito nan da nan ba, sai da na goge fuskata. Albarkar ita aka sa wa, da sunanta, ina ji. Amma lokacin da ta ce amin, ni ma na ce, a bayan bango, kuma ban ji na ɗauki abin da ba nawa ba.